Kuɗin Soja a Ɗakunan Gwajin Jami'o'in Amurka: Abin da Yake Saye da Inda Yake Ɗaure Hannu

Mafi yawan kuɗin da Ma'aikatar Tsaron Amurka ke zubawa a sassan injiniyan lantarki na jami'o'i ba ya ƙarewa a kan wani makami da za a nuna da yatsa. Yana tafiya ne a alawus ɗin ɗaliban digirin digirgir, da kuɗin awa na ɗakin ƙera transista, da takardun da ake bugawa a mujallun da injiniya a Beijing ko Mosko zai buɗe ya karanta ranar da suka fito. Wannan ne ke rikita masu kallo daga waje. Wasu na ɗauka duk ɗakin gwajin da ya karɓi kuɗin soja ya koma masana'antar makamai ta ɓoye. Wasu kuma, musamman malaman da ke cin moriyar kuɗin, sukan ce ai ba ruwan kimiyya da aljihun da kuɗin ya fito. Duka biyun sun kauce. Soja yana sayen ikon zaɓar tambayar da za a shafe shekaru ana nema wa amsa, yana kuma sayen horon mutanen da za su fito daga ɗakin. Iyakar da ke raba aikin da za a buga da wanda za a kulle kuwa 'yan layuka ce a cikin kwangila, kuma takan fara motsi daidai lokacin da na'urar ta soma aiki.

Asalin alaƙar soja da jami'o'i rada ce, wato na'urar hango jirage daga nesa da igiyar rediyo. A 1940, John Randall da Harry Boot na Jami'ar Birmingham a Ingila suka haɗa magneturon, wani bututun lantarki mai iya fitar da igiyar rediyo gajera da ƙarfin da ba a taɓa samu ba. Aka kai shi Amurka a shekarar, aka buɗe masa ɗakin gwaji a jami'ar MIT wanda ya kai ma'aikata kusan 4,000 kafin a rufe shi a ƙarshen 1945. Sojoji ba su so waɗannan mutanen su watse ba. A 1946 aka kafa ofishin bincike na sojan ruwa, ONR, aka kuma fara wani shiri na haɗin gwiwar rundunoni da ke ba jami'o'i irin su MIT da Columbia da Harvard kuɗin binciken lantarki kai tsaye. Da irin wannan kuɗin Charles Townes ya haɗa na'urar mesa (maser) mai ƙarfafa gajeriyar igiyar rediyo a Columbia a 1954, wadda ta share wa leza hanya. Frederick Terman, wanda ya jagoranci aikin dagula rada a Harvard lokacin yaƙi, ya koma Stanford ya gina sashensa a kan kwangilolin sojan ruwa, kuma kamfanonin farko na yankin da daga baya ya zama cibiyar fasahar Kalifoniya da yawansu kayan rada suke sayar wa soja.

Kasafin bincike na Pentagon, wato Ma'aikatar Tsaro, yana da lambobi, kuma duk wanda bai san su ba zai yi ta muhawara a kan iska. Lamba 6.1 bincike ne na tushe, inda ake neman sanin yadda abu yake. Lamba 6.2 bincike ne da aka nufa da wani amfani amma bai zama na'ura ba. Daga 6.3 zuwa sama an shiga gina samfuri da gwada shi. Jami'o'i sun fi zama a 6.1 da 6.2. Kuɗin 6.1 yakan bi ta ofisoshi uku, ONR na sojan ruwa, ARO na sojan ƙasa, AFOSR na sojan sama, kuma waɗannan sun fi haƙuri: tallafin shekara uku ga malami guda, rahoto sau ɗaya a shekara. Akwai shirin MURI da ke haɗa jami'o'i da dama a kan tambaya ɗaya, kusan dala miliyan 1.5 a shekara har tsawon shekara biyar, da shirin DURIP wanda injuna kawai yake saya. DARPA, hukumar manyan ayyukan bincike ta Ma'aikatar Tsaro, daban take. An kafa ta a 1958, ba ta da ɗakin gwaji ko ɗaya nata, manajojin shirye-shiryenta 'yan shekaru suke yi su tafi, kuma kowane shiri an yanka shi zango-zango, wata 12 zuwa 18, da alƙaluman da dole a cim ma. Ƙungiyar da ba ta kai ba, a nan kuɗinta ke tsayawa.

Daga nan matsala ta farko ke fitowa, kuma ba ta da alaƙa da sirri. Digirin digirgir a wannan fanni shekara biyar zuwa shida yake ci. Malamin da ya ɗauki ɗalibai uku a kan shirin DARPA ya yi musu alƙawarin shekara biyar da kuɗin da aka tabbatar masa na wata 18. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa 1 ga Oktoba, kuma idan majalisa ba ta zartar da kasafi ba sai a koma kasafin wucin gadi, wanda a ƙarƙashinsa ba a fara sabon shiri. Aikin da aka amince da shi a bazara yana iya kai wa wata bazarar kafin kuɗinsa ya iso. Sannan adadin da ke kan takarda ba shi ke isa ɗakin gwaji ba. Jami'a tana cire kuɗin ɗawainiya na gini da wuta da ma'aikatan ofis, kuma a manyan jami'o'in bincike yakan wuce kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin aiki. Idan ƙimar kashi 55 ce, tallafin dala 155,000 yana nufin 100,000 ce ta aiki, abin da ɗalibi guda da kuɗin amfani da injuna za su iya cinyewa a shekara. A 2025 Ma'aikatar Tsaro ta yi yunƙurin ƙayyade wannan kaso a 15, jami'o'i suka garzaya kotu aka dakatar.

Domin a ga yadda tambayar soja ke zama aikin ɗalibi, galiyom naitirayid, GaN, wani sinadarin ƙera transista, ya ishe mu misali. Nisan da rada ke gani ba ya ƙaruwa daidai da ƙarfinta. Igiyar tana raunana a tafiya, tana sake raunana a dawowa, don haka ninka nisan sau biyu yana bukatar ninka ƙarfin sau 16. Radar zamani ba babban bututu guda take amfani da shi ba, dubban ƙananan amfilifaya masu ƙara wa igiya ƙarfi ne a jere a bayan eriya, kuma a zangon gigahaz 8 zuwa 12 tazarar da ke tsakanin kowane biyu ba ta kai santimita biyu ba. Ba wurin da za a ƙara girma. Dole ƙarfin ya fito daga transistar kanta. Galiyom asenayid, wanda shirin MIMIC na DARPA ya balagar daga ƙarshen shekarun 1980, yana ba da kusan wat ɗaya a kowace milimita ta faɗin ƙofar transista, wato ɓangaren da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. GaN yana jure wutar da ta ninka haka sau da yawa kafin ya fashe, domin tazarar makamashinsa, wato makamashin da ake bukata kafin ilektiron ya kuɓuce, 3.4 ce a ma'aunin da silikon ke da 1.1, galiyom asenayid 1.4. ONR ta ɗauki nauyin ƙungiyoyi irin na Umesh Mishra a Santa Barbara da Lester Eastman a Cornell tun shekarun 1990, DARPA ta shigo da babban shiri a farkon shekarun 2000, kuma zuwa 2004 an nuna fiye da wat 30 a milimita a gwaji.

Ga abin da ɗalibi ke yi da hannunsa. Ana shuka siraran shimfiɗu na GaN a kan faifan silikon kabayid, wanda ake zaɓa saboda yana kwashe zafi kusan ninki uku na silikon. A sama ana ɗora shimfiɗar da aka gauraya da alminiyam, kaurin nanomita 20 zuwa 25, kuma a mahaɗar shimfiɗun biyu ilektiron ke taruwa su zama hanyar da wuta ke bi. Ana zuba ƙarafa huɗu a jere, taitaniyam, alminiyam, nikel, zinariya, a gasa su a kusan digiri 850 na daƙiƙa 30 a cikin iskar naitirojin domin su haɗu da hanyar. Idan zafin ya gaza, mahaɗar tana tauye wuta. Idan ya wuce, ƙarfen ya yi ƙuraje, gefensa ya malala, kuma ƙofar da za a zana kusa da shi ba za ta zauna daidai ba. Ƙofar kanta, mai tsawon nanomita 100 zuwa 250, da bindigar ilektiron ake zana ta, ƙafarta siririya kanta faffaɗa. A ƙarshe a rufe saman da silikon naitirayid.

Wannan rufin na ƙarshe shi ya cinye shekaru. Transistar da ba a rufe da kyau ba tana nuna alƙaluma masu daɗi idan an gwada ta da wuta mai tafiya a hankali, amma da an kunna ta a gigahaz sai ƙarfinta ya zube. Dalili shi ne ilektiron suna maƙalewa a lahanin da ke saman fata da cikin shimfiɗar ƙasa, ba sa sakin wurin da saurin da igiyar ke juyawa, sai su toshe hanyar. Shi ya sa ake gwada ta da gajerun bugu na wuta, sannan a ɗora ta a kan injin da ke sauya nauyin da take turawa har a gano inda ta fi ba da ƙarfi. Binciken musabbabin wannan zubewa kimiyya ce tsantsa, an buga ta a fili, kuma ita ce yau ke cikin turakun sadarwar 5G da ƙananan cajojin waya kamar yadda take cikin radar SPY-6 ta jiragen ruwan yaƙin Amurka. Babu wanda zai iya tsaga wannan ilimin gida biyu.

Amma abin da jami'a ke bugawa na'urar da ta fi kowace kyau ce a cikin gommai, a kan ɓallen faifai da bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Ba ƙarya ba ne, sai dai ba shi soja ke bukata ba. Shi yana son dubbai iri ɗaya daga faifan milimita 100 ko 150, masu aiki daga digiri 55 ƙasa da sifili zuwa 125, masu kai sa'o'i miliyan kafin su mutu. Ana gano wannan ta hanyar gasa rukunoni a zafi uku mabambanta har su lalace, a yi lissafin abin da zai faru a zafin aiki. Lissafin yana rushewa idan abin da ke kashe na'urar a babban zafi ba shi ke kashe ta a ƙaramin zafi ba, kuma da GaN hakan ya faru, domin ƙarfin wuta a gefen ƙofa yana iya lahanta shimfiɗar ko da zafi bai yi yawa ba. Ɗalibi ba ya samun digiri da ƙera transista dubu iri ɗaya. Saboda haka aikin yakan koma hannun kamfani, kuma a wannan miƙa hannun ne jami'a ke taka inda ba ta shirya ba.

Garkuwar jami'o'i wata takarda ce da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1985, NSDD-189. Ta ce sakamakon bincike na tushe a bar shi a buɗe iyakar iyawa, idan kuma tsaron ƙasa ya bukaci a rufe wani abu, a sanya shi cikin bayanan sirri a hukumance, kada a ƙirƙiro wani matsayi na tsaka-tsaki. A 2010 Ashton Carter, lokacin yana ƙaramin sakataren tsaro mai kula da saye da fasaha, ya fitar da umarnin da ya jaddada cewa aikin 6.1, da na 6.2 da ake yi a harabar jami'a, a wannan rukunin suke. Dokokin hana fitar da fasaha waje, ITAR na Ma'aikatar Harkokin Waje da EAR na Ma'aikatar Kasuwanci, su ma sun keɓe irin wannan sakamakon. Keɓewar tana da muhimmanci saboda a dokar Amurka, nuna wa ɗan wata ƙasa bayanin da aka kulle, ko da a cikin ɗakin gwaji a Ohio ne, daidai yake da aika shi ƙasarsu. Fiye da rabin ɗaliban manyan digiri a injiniyan lantarki a Amurka kuwa 'yan ƙasashen waje ne.

Garkuwar tana faɗuwa da sharaɗi ɗaya. Da jami'a ta amince cewa sai mai ba da kuɗi ya yarda kafin a buga sakamako, ko cewa 'yan ƙasa kaɗai za su taɓa aikin, binciken ya daina zama na tushe a idon doka. Ba kasafai ONR ko AFOSR ke saka irin wannan a tallafinsu ba. Yana shigowa ne ta kwangilar da kamfanin makamai ya yanko wa jami'a daga tasa, domin kamfanin yana kwafo sharuɗɗan da gwamnati ta ɗora masa gaba ɗaya, ciki har da mai lamba 252.204-7000 da ke hana sakin bayani ba izini. Ofishin kwangilolin jami'a yakan shafe watanni yana neman jami'in kwangila na gwamnati ya rubuta cewa kason jami'ar bincike ne na tushe. Malamin da ya gaji da jira ya fara aiki da bayanan kamfanin kafin takardar ta fito, ya riga ya shiga. Haka kuma keɓewar ta shafi sakamako ne kawai. Na'urar da aka ƙera, da bayanan masana'antar da ta buga cip ɗin, da injin da aka saya, kowanne yana da nasa hukuncin. Ana iya buga takarda a kan wani amfilifaya a fili, amma aika shi kansa ga abokin aiki a wata ƙasa ya bukaci lasisi saboda ƙarfinsa da zangonsa sun haye alƙaluman da ke jerin EAR.

Shari'ar J. Reece Roth ce ta sa jami'o'i suka farka. Farfesa ne na injiniyan lantarki a Jami'ar Tennessee, yana aiki a kan na'urorin filasma na sarrafa iska a fukafukan jirage marasa matuƙi, a ƙarƙashin kwangilar sojan sama da ta biyo ta wani ƙaramin kamfani. Ya sa ɗalibi ɗan China da wani ɗan Iran a aikin, ya kuma tafi China da kwamfuta mai ɗauke da bayanan. An same shi da laifi a 2008, aka yanke masa shekara huɗu a 2009. Ba a tuhume shi da leƙen asiri ba, kuma bayanan ba na sirri ba ne a hukumance. Laifinsa keta dokar fitar da fasaha ne.

Matsayin tsaka-tsakin da takardar 1985 ta so hanawa ya dawo da wani suna: bayanan da ba sirri ba amma ake kullewa. Kwangilar da ke ɗauke da su tana wajabta matakan tsaron kwamfuta 110 na ƙa'idar NIST 800-171, da kai rahoton kutse cikin awa 72. A ɗakin gwaji wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Injin awo da aka saya shekara 15 da suka wuce yana tafiya ne da tsohuwar manhajar da ba a iya sabuntawa, ɗalibai kuma da filasha suke kwashe bayanai daga gare shi. Sai an ware hanyar sadarwa daban, ɗaki mai kati, kwamfutoci na musamman. A 2024 Jami'ar Penn State ta amince ta biya dala miliyan 1.25 domin kashe zargin cewa ba ta cika waɗannan sharuɗɗan ba a wasu kwangiloli.

Aikin sirri na gaske yawancin manyan jami'o'i sun fitar da shi daga harabarsu, kuma ɗalibai ne suka tilasta. A watan Afrilun 1969, ana tsakiyar yaƙin Vietnam, ɗaliban Stanford suka mamaye ɗakin gwajin lantarki da ke aikin yaƙin rada na kwana tara. Jami'ar ta daina binciken sirri a harabarta, ta rabu da cibiyar bincikenta, SRI, a 1970. MIT ta saki ɗakin Draper mai ƙera na'urorin saita makamai masu linzami, ya zama mai cin gashin kansa a 1973, amma ta riƙe ɗakin Lincoln da aka kafa a 1951. Aikin bai tsaya ba, wuri ya sauya: Lincoln, da cibiyoyin bincike irin su APL na jami'ar Johns Hopkins da GTRI na jami'ar Georgia Tech, inda ake da ma'aikata na dindindin masu takardar izinin ganin sirri. Majalisa ma ta sa hannu a 1969 da gyaran Sanata Mike Mansfield, wanda ya hana soja biyan binciken da ba shi da alaƙa ta kai tsaye da wani aikin soja. An sassauta lafazin bayan shekara guda, amma ya bar tabo. Dokar da aka yi don rage hannun soja a jami'a ta koya wa malamai su riƙa rubuta amfanin soja a shafin farko na kowace takardar neman kuɗi.

Masu kare tsarin suna da hujja mai nauyi. Kuɗin DARPA ne ya kafa shirin MOSIS a 1981, inda ake haɗa zanen cip na jami'o'i da yawa a faifai ɗaya a raba kuɗin bugawa, kuma ta irin wannan hanya zane-zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta na RISC na Berkeley da MIPS na Stanford suka zama cip na gaske. DARPA ce ta biya Chenming Hu da Tsu-Jae King da Jeffrey Bokor a Berkeley a ƙarshen shekarun 1990 suka fito da FinFET, wani sabon fasalin transista, wanda Intel ta fara bugawa a 2011, kuma daga baya ya cika wayoyin duniya. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bar wa jami'a mallakar ƙirƙirar, gwamnati ta riƙe izinin amfani da ita kyauta. Abin da hujjar ba ta taɓa ba shi ne tambayoyin da ba a yi ba. Malami yana da ɗalibai ƙidayayyu, ɗakin tsabta, inda ake ƙera transista, yana da awoyi ƙidayayyu, kuma idan mai kuɗin da ya fi kowa son lantarki mai ƙarfi da sauri da jure tururin nukiliya shi ne soja, can gwanaye za su karkata ba tare da wani ya tilasta musu ba. Wasu ƙasashen sun ɗauki wannan da muhimmanci. Jami'o'i da dama a Jamus suna da ƙa'idar binciken farar hula kaɗai, wadda Jami'ar Bremen ta ɗauka a 1986, ko da yake jihar Bavaria ta haramta irinta a 2024. Majalisar kimiyya ta Japan ta yi watsi da binciken yaƙi a 1950 da 1967, ta sake jan kunne a 2017.

A Amurka kuwa layin yana matsowa kusa da farkon aiki. A watan Agustan 2022 Ma'aikatar Kasuwanci ta saka faifan galiyom oksayid da na lu'ulu'u cikin jerin abubuwan da ake kullewa, alhali transistocinsu ba su gama barin ɗakunan gwaji ba. Dokar CHIPS ta shekarar ta ware wa Pentagon dala biliyan 2 domin cike giɓin da ke tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta, aka kafa cibiyoyi takwas a 2023, wasunsu a hannun jami'o'i, ciki har da ta jami'ar NC State da ke aiki a kan GaN da danginsa. Aikin waɗannan cibiyoyi samfuri ne, wato daidai matakin da umarnin 2010 bai ba kariya kai tsaye ba. Ɗakin tsabtar da ya shiga ciki yana bukatar ya san tun kafin sa hannu wane faifai ne na buɗe, wane ne na kulle, wa ke da katin shiga a wace awa, da kuma wane babi na kundin ɗalibi ne zai jira izini kafin ya je gaban masu jarrabawa.